Masan da ke jiƙa ƙafa

Duk wanda ya yi kukan cewa masan gidansa yana fantsama ruwa waje in an kora, shawarar farko da za a ba shi ita ce ya rage famfon da ke bayan masan, wato ɗan ƙaramin bawul ɗin nan da ke shigar da ruwa tanki. Na sha jin wannan shawara, har daga bakin mutanen da sifana ce sana'arsu. Ba ta aiki. Ruwan da ke wanke kwanon masai ba daga famfo yake zuwa kai tsaye ba, tanki ya riga ya tara shi, yana zaune yana jira. Da ka danna maɓalli sai ƙofar da ke gindin tankin ta buɗe, ruwan ya zubo da nauyin kansa. Gwada ka gani: bari tanki ya cika, ka rufe famfon ruf, sannan ka kora. Zai sauko da ƙarfinsa yadda ya saba, ya jiƙa maka ƙafa yadda ya saba. Abin da rage famfo zai ƙara maka kawai shi ne tanki ya riƙa daɗewa kafin ya cika, wanda ke bayanka ya tsaya jira a bakin ƙofa.

Ni ba mai gyaran famfo ba ne. Mutum ne kawai da ba ya son kiran mai gyara sai ya fara leƙawa da idonsa, kuma masai na cikin abubuwan gida da suka fi sauƙin fahimta in mutum ya daure wa ƙyama. Babu wuta a cikinsa, babu inji. Ruwa ne da nauyinsa da hanyar da aka tsara masa. Masai lafiyayye an ƙera shi ne ya riƙe ruwansa a ciki, har ma ƙa'idar gwajin masai ta Turai, EN 997, ta tanadi gwajin fantsama musamman: in an kora, bai kamata ruwa ya tsallake baki ya jiƙa ƙasa ba, sai dai 'yan ɗigo ƙalilan. To in naka yana yi, ruwa ba ya tsami banza. Ko dai wani abu ya karkatar da ruwan daga hanyarsa, ko yana isowa da gudun da ya fi ƙarfin kwanon, ko kuma mafitarsa ta ƙasa ta cushe. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan komai. Shi ya sa nake cewa kada ka kwance ko noti ɗaya sai ka ga daga ina ruwan yake tashi.

Ganin ba shi da wuya. Ka goge bakin masan da ƙasan wurin su bushe ƙarau. Ka ɗaga murfi da mazauni duka. Ka shimfiɗa takarda a ƙasa kewaye da masan, tsohuwar jarida ko kwali mai launin ƙasa ya fi, domin ɗigo yana fitowa a kansa ɓaro-ɓaro. Ka kora, ka ja da baya ka duba inda ya jiƙe. In wayarka tana ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, ka sa wani ya danna kai kuma ka ɗauka, da tocila a kunne. Korar gaba ɗaya 'yan daƙiƙu ce, ido ba ya iya bin ta, amma a bidiyon za ka ga komai: inda ruwa ya fara fitowa, inda ya yi karo, inda ya yi tsalle. Ɗigo a gefe ɗaya kawai labari ne daban da ɗigo a gaba tsakiya, kuma dukansu daban suke da ruwan da ke tasowa daga ƙasa yana neman tumbatsa.

Nawa na gefe ɗaya ne. Takardar hannun dama ce ke jiƙewa, ta hagu kuwa ko ɗigo. A bidiyon na ga wani siririn tsiri na ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin leɓen masan ta hagu, wajen baya. Maimakon ya bi jikin kwano ya gangara kamar sauran, sai ya miƙe ya ratsa tsakiya, ya daki ɗaya gefen can sama, ya tarwatse waje. Na sa safar hannu, na ɗauko ɗan madubi na tura ƙarƙashin leɓen, na haska. Wanda bai taɓa leƙa wurin nan ba zai sha mamaki. Akwai ƙananan huduji jere a zagaye, kuma ba a miƙe aka huda su ba, an ɗan karkatar da su ne domin ruwa ya fito yana juyawa ya share jikin kwanon. A nawa, jere guda na hudujin baya sun toshe gaba ɗaya da wani ɓawo mai tauri, fari-fari da ratsin ja kamar tsatsa. Ɗaya daga cikinsu bai gama toshewa ba, sauran ƙofarsa bai fi bakin allura mai kauri ba, kuma ɓawon ya yi masa ɗan tudu a gefe. Shi ne mai laifin.

Wannan ɓawo alli ne da ke narke a cikin ruwa, irin farin abin nan da ke kama gindin butar dafa ruwa. Ruwan da ya ratso ta cikin duwatsu a ƙarƙashin ƙasa yakan kwaso shi da yawa. Duk kora sai ɗan ruwa ya rage a bakin hudar, ya bushe, ya bar allinsa, gobe ma haka, har shekaru su tara shi ya zama dutse. Jan da ke ciki kuwa ƙarfe ne, ko daga ruwan ko daga tsohon bututu. Abin da ke faruwa daga nan kowa ya san shi tun yana yaro: ka toshe rabin bakin tiyo da babban yatsa, ruwan da ke zuba a hankali sai ya koma tsiri mai nisa, kuma ya nufi duk inda yatsan ya karkatar da shi. Tanki yana sako ruwa iri ɗaya da na da, amma ƙofofin sun ragu, waɗanda suka rage kuma bakinsu ya karkace.

Gyaran haƙuri yake so, ba ƙarfi ba. Alli yana narkewa a cikin abu mai tsami, saboda haka ruwan khal fari ya isa, ko garin asid ɗin sitirik da aka narkar a ruwan ɗumi, wanda ya fi khal ƙarfi kuma ba shi da wari. Ka rufe famfon shiga, ka kora tanki ya zama fanko. Ka tsane ƙarƙashin leɓen da tsumma sosai, domin salatif ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, sannan ka liƙe hudujin duka da salatif mai faɗi. A cikin tanki akwai wani bututu a tsaye, buɗe ta sama, wanda aikinsa shi ne ya kwashe ruwa zuwa kwano in tanki ya cika ya wuce kima. A yawancin masai, wannan bututu yana sauka ne cikin hanyar da ke ciyar da hudujin nan. Ta nan za ka ɗura ruwan tsamin a hankali, sai ya taru a cikin leɓen ya kwanta a kan ɓawon ta ciki, inda burushi ba ya taɓa kaiwa. Ka bar shi ya kwana. In tankinka ba mai irin wannan bututun ba ne, ko salatif ya ƙi zama, ka jiƙa takardar banɗaki da ruwan tsamin ka cusa ta ƙarƙashin leɓe a zagaye, tana mannewa da kanta. In ka kasa kunne za ka ji ɗan sauti sir-sir, allin ne ke ci.

Da safe ka ɓare salatif, ka bi hudujin ɗaya bayan ɗaya da guntun waya, madubi a ɗaya hannun. A nan ne nake roƙon mutane su sassauta. Kada ka sa ƙusa da guduma, kada ka sa abin huda na lantarki. Jikin masai yumɓu ne da aka gasa aka lulluɓe da santsi kamar gilashi, in ka ɓalle santsin nan ka yi wa alli sabon wurin kamawa, in kuma ka faɗaɗa huda ko ka canza mata fuska, ka ƙirƙiro fantsamar da ba ta da magani. Ka tura wayar ka juya ta ta bi karkatar hudar yadda take. Ɓawon da ya sha tsami yana rugurgujewa kamar yashi, za ka ga yana zubowa a kan safar hannunka. Wanda ya ƙi, ka sake jiƙa shi wani daren. A wasu masan, musamman irin na Amurka, akwai kuma wata babbar huda can ƙasa a cikin ruwa, tana fuskantar mafita. Ita ma ka zura yatsa ka ji ko ta tsuke, domin in ta toshe, ruwan da ya kamata ya bi ta nan sai ya koma sama ya matsa wa hudujin leɓe. Da na kora bayan wannan aiki, ruwa ya sauko shimfiɗe a jikin kwano ta ko'ina, yana juyawa, tsirin ya ɓace.

Ga abin da ba wasa a cikinsa. Kada ka taɓa haɗa bilic da ruwan khal, ko da kowane maganin wanki mai asid. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai guba, kuma banɗaki ɗan ƙaramin ɗaki ne, sau da yawa ba taga. In ka wanke masan da bilic, ka kora sosai ya tafi kafin ka kawo tsami. Bilic ma ba ya narkar da alli, fari kawai yake mayar da shi, sai ka ɗauka ya fita alhali yana nan daram. Haka nan kada ka zuba tafasasshen ruwa a kwano don wai ya taimaka, zafi na farat ɗaya yana iya tsaga shi. Magungunan masu asid mai ƙarfi da ake sayarwa suna aiki da sauri, gaskiya ne, amma suna cin ƙarfe, suna ɓata ƙyallin hannun kora, suna ƙona fata. Ni na fi son abin da zan bari ya kwana in yi barcina.

Kafin ma ka kai ga duk wannan, duba ko akwai ɗan kejin robar nan mai sabulun ƙamshi da ake ratayawa a bakin masai. Ba na ƙaunarsa, ba zan ɓoye ba. An yi shi ne ya zauna a kan hanyar ruwa domin ruwa ya wanko sabulun, wato da gangan aka sa shi ya tare ruwa. In ya faɗo daidai inda ruwa ya fi ƙarfi, zai watsa shi sama. Cire shi ka kora ka gani. Na san gidan da maganar ta ƙare a nan. Kuma ranar da ƙugiyarsa ta karye ya faɗa ciki, shi ne zai maƙale a lanƙwasar ƙasa ya jawo maka babbar matsala.

Sai tanki. Ɗaga murfinsa da hannu biyu ka kwantar da shi a kan tsumma a ƙasa, kada ka jingine shi da bango, yana da santsi kuma samun irinsa shi kaɗai wahala ne. Yawanci akwai layi da aka zana a jikin tanki ta ciki ko a jikin bawul, yana nuna inda ruwa ya kamata ya tsaya. In babu, ya tsaya kamar santimita 2 zuwa 3 ƙasa da bakin bututun nan na tsaye. In ya haura, ka sauke fulot ɗin, wato abin nan da ke yawo a saman ruwa yana rufe bawul ɗin shiga in tanki ya cika: a sababbin tankuna akwai dogon sukuru na roba da ake murzawa, a tsofaffi masu ƙwallo kuma akwai noti a gindin hannun ƙwallon, ko a ɗan lanƙwasa hannun ƙasa in na tagulla ne. Ka duba kuma ko akwai wani siririn tiyo da ya taso daga bawul ɗin shiga. Bakinsa a cikin bututun tsaye ya kamata ya kasance. In ya suɓuce, yana fesa ruwa a murfin tanki ta ciki, ruwan ya biyo baya ya ɗiga ƙasa, mai gida ya yi ta zargin kwano.

Amma kada ka sa rai da yawa a kan sauke ruwan tanki. Yawan ruwa daban, gudunsa daban, kuma fantsama ta gudu ce. Gudun ruwan da ke zubowa daga tanki ya dogara ne da tsayin da yake faɗowa daga gare shi, kuma ba ya raguwa daidai da yadda ka rage tsayin. Ko ka raba tsayin biyu, gudun bai fi ya ragu da kashi 30 cikin 100 ba. To ina ga santimita biyu? Haka batun jefa bulo ko gorar ruwa a cikin tanki. Yana rage ruwan da ake kashewa, amma saman ruwan yana nan inda yake, saboda haka farkon korar, wanda shi ne ke fantsama, bai canza ba. Bulo ma yana marmashewa a ruwa, yashinsa ya shiga bawul ya hana shi rufuwa. In kuma ka matsa wa tanki da ragi, sai kora ɗaya ta kasa tafiya da komai, a koma yin biyu.

Akwai wani dalili da mutane ba su cika kawowa a rai ba, shi ne auren dole tsakanin tanki da kwano. Tsofaffin masai suna shan lita 13 ko fiye a kora ɗaya. A 1980 kamfanin Caroma na Ostareliya ya fito da tanki mai maɓalli biyu, babba da ƙarami. Amurka ta yi doka a 1992 da ta ƙayyade galan 1.6, wajen lita 6, wadda ta fara aiki a kan masan gidaje a 1994, Ingila ma ta sauko lita 6 a 2001. Yau akwai masu yi da lita 4.5 ko ƙasa da haka. Duk lokacin da aka rage ruwa, sai an sake fasalin kwanon: zurfinsa, gangararsa, girman hudujinsa. Saboda haka in tanki ya fashe aka sayo wani aka ɗora, ko aka canza bawul ɗin kora, wato ƙofar nan ta gindin tanki, da mai faɗin baki don kawai ya shiga ramin, ana iya samun kwanon da aka yi wa ruwa kaɗan yana karɓar ambaliya. Ka tambayi kanka, yaushe abin ya fara? In a hankali ya taso cikin watanni, alli ne. In rana ɗaya ya fara bayan an yi wani gyara, to gyaran ne.

Na Yayata kuwa sabo ne fil, alli bai ma san da shi ba. Irin na yayi ne, wanda aka maƙala a bango, tankinsa a ɓoye a cikin gini, kuma ba shi da leɓe kwata-kwata. Irin waɗannan ba su da huduji, ruwa yana fitowa ne daga baya ya rabu biyu, rabi ya bi dama rabi ya bi hagu, su zagayo su haɗu a gaba su faɗa ƙasa. Ina son su, domin babu lungun da ƙazanta za ta ɓuya. Sai dai ba su da rufin da zai tare ruwa in ya yi gudu, kuma a nata, in rabin biyu suka yi karo a gaba sai su miƙe tsaye su zubo a kan tayil.

Ta kira ni ne bayan wanda ya haɗa mata ya ce sai dai a canza masan.

Na ce, “Yaya, kada ki bari a fasa komai tukuna. Kwalin da ya zo a ciki yana nan?”

Ta ce, “Yana ɗakin ajiya. Kai dai ka zo ka gani, kullum da tsumma nake shiga.”

A cikin kwalin, ƙarƙashin takardar bayani, akwai 'yar leda da ba a ko buɗe ba, da wasu zobba na roba a ciki, kowanne da faɗin ƙofarsa. Da mai gyaran ya dawo na nuna masa, na ce, “Malam, waɗannan fa?”

Ya juya su a hannu ya ce, “Wallahi yallaɓai, na ɗauka wosha ce ta ƙari.”

Ban ga laifinsa sosai ba, a ido kam wosha ce. Amma aikinsu shi ne rage gudun ruwa. Ana sa ɗaya a mazaunin bawul ɗin kora, a gindin tanki, sai ƙofar ta ɗan tsuke, ruwa iri ɗaya ya fito amma a natse. Manyan masu ƙera tanki irin su Geberit da Grohe suna yin irin wannan kaya musamman don masai marasa leɓe, wasu zobba ne da ake sauyawa, wasu kuma maƙura ce da ake murzawa a daidaita. Ba a fasa bango. Ana cire farantin maɓallan, ta wannan tagar ake zura hannu a zaro bawul ɗin. Mun fara da mai faɗi, muna gwadawa muna sauka, har muka kai wanda ruwa ke zagayowa ya haɗu a gaba ba tare da ya yi tsalle ba. Nan ake tsayawa. In ka wuce nan, ruwan ba zai kai gaba ba, sai a bar wani yanki na kwanon ba wanki. Abin lura: 'yan maɓallan da ke jikin bawul ɗin na daidaita babbar kora da ƙarama ne, yawan ruwa suke ragewa, ba su ne wannan ba.

Masai na tsugunno da duk wanda tankinsa ke rataye can sama, matsalarsu ɗaya: ruwa yana faɗowa daga nesa. Dubi bututun da ya sauko ya shiga bayan kwano. In an tura shi ciki da yawa, bakinsa yana kusan manne wa bangon ciki, ruwa ya rasa sarari ya fita ta gefe da ƙarfi. In ya shiga a karkace, ruwa zai fi yawa a ɓangare ɗaya. Robar da ke riƙe shi in ta tsufa, feshi ta baya take yi. A gyara zamansa, a sa sabuwar roba, in ta kama a sa zoben rage gudu a bakinsa ko a sauko da tankin zuwa tsayin da masu ƙera kwanon suka faɗa. Sai kuma masai marasa tanki, irin na filayen jirgin sama da manyan ofisoshi, da ke kora kai tsaye daga bututun ruwa. Waɗannan kaɗai ne shawarar rage famfo ta dace da su: akwai sukuru a ƙarƙashin wata 'yar hula a gefen bawul ɗin, ana ɗan murza shi ciki kaɗan-kaɗan ana gwadawa.

Wanda ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne wanda ruwansa ba daga sama yake fantsama ba. Ka kora, ruwa ya taso a kwano har kusa da baki, ya tsaya, sannan ya janye a hankali. Ko kuma ya yi ɓul-ɓul, wata babbar kumfar iska ta fashe ta watso ruwan ciki sama. Wannan ba ruwan tanki mai tsabta ba ne ke taɓa ka. A ƙasan kowane masai akwai lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa domin ya tare warin bututu, dabarar da wani mai gyaran agogo ɗan Sikotilan, Alexander Cumming, ya yi wa rajista tun 1775. A wannan lanƙwasa abubuwa ke maƙalewa: murfin kwalba, burushin haƙori, abin wasan yara, da tsumman goge jarirai, wanda ba ya narkewa a ruwa kamar takardar banɗaki ko me aka rubuta a jikin ledarsa. Abu ya tokare, ruwa yana wucewa amma da ƙyar.

Gwajinsa bokiti ne. Ka cika shi ka juye a kwano a tashi ɗaya. In ya wuce fuu, mafita lafiya take, koma sama ka nemi dalili. In ya taru yana jan jiki, akwai toshiya. Ka fara da robar nan mai sanda ta buɗe toshiya, ka tabbata ruwa ya rufe kanta kuma ta kama bakin ramin gam. Turawar farko a hankali, domin iska ce a cikinta, in ka danna da ƙarfi fuskarka za ta sha. Bayan nan ka yi ta turawa da ja, jan ma yana aiki kamar turawar. In ta ƙi, akwai wayar buɗe masai mai hannun juyawa, wadda aka sa wa rigar roba a gwiwa don kada ta karce kwano. Amma in ka kora masai ka ji magudanar wurin wanka tana gurnani, ko ruwan kwano yana hawa da sauka shi kaɗai, matsalar ta wuce masan. Ko dai bututun numfashi da ya fita ta saman rufi ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, iska ta rasa hanya sai ta kwano, ko babban bututu ya cushe, ko ramin da ƙazantar ke taruwa ya cika. A nan nake ajiye kayana in kira masu aikin. Hawa rufi da buɗe rami ba abin da ake koya a ranar ba ne, kuma iskar cikin ramin tana kisa.

Wasu za su ce duk wannan wahala ta mece ce, a rufe murfi kafin a kora mana. A rufe ɗin, ina goyon baya. A 2022 masu bincike a Jami'ar Colorado da ke Boulder sun haska koren hasken leza a kan masai mara murfi, irin na wuraren jama'a, suka ga ƙananan ɗigon da ido ba ya gani suna tashi da gudun mita 2 a daƙiƙa, suna kai tsayin mita 1.5 cikin daƙiƙa 8. Wannan yana faruwa ko a masan da ba shi da wata matsala. Amma murfi ba gyara ba ne. Masan da ke fantsama zai jiƙa cikin murfin da mazaunin, ruwan ya bi ta tsakaninsu ya gangaro ta waje, ya kwanta a gindin masan. Kusoshin mazauni su yi tsatsa, abin da aka liƙe gindin da shi ya yi baƙi, in daɓen katako ne ya fara ruɓewa. Ga santsin tayil, ga tsofaffi da yara da ke shiga da dare.

In duk ka bi waɗannan abin bai daina ba, saura biyu. Ɗora lebur, ma'aunin magina na duba daidaito, a kan bakin kwano, dama da hagu, sannan gaba da baya. Masan da ya karkata yana tura ruwa ɓangaren da ya fi ƙasa, marasa leɓe kuma sun fi kowa jin wannan. Ana sassauta kusoshin gindi a cusa 'yan siraran robobi har ya daidaita, a sake ɗaurewa dama kaɗan hagu kaɗan. Da ka ji ya daina motsi ka tsaya, ƙarin murɗa ɗaya yana iya tsaga gindin. Na biyun kuwa aibin ƙira ne. Wani lokaci santsin da ake shafawa kafin a gasa masan yakan daskare a bakin wata huda, ko a huda ta a karkace tun daga masana'anta. Madubi zai nuna maka: tudun yana ƙyalli, launinsa ɗaya da jikin masan, kuma tsami ba ya cinsa. In masan sabo ne, kada ka goga masa komai, ka ɗauki bidiyon korar da hoton hudar ka mayar wa wanda ya sayar maka tun garanti bai ƙare ba. In tsoho ne kuma za ka canza, ka sayi kwano da tankinsa tare, ƙirar kamfani ɗaya da aka yi su don juna, kuma ka sa a haɗa ruwa a kora a gabanka kafin a liƙe gindinsa.